Lambun Inna daga Bakin Rijiya

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Bawa, tsohon soja, wanda ya dawo garinmu Manga da ciwon gwiwa da son fenti. Da ragowar fentin gini ya zana lambun Innarmu a jikin falanki. Mutane suka yi ta dariya, wai soja ya ɓarar da fenti ya kira shi hoto. Ni ma na dara. In ka matsa kusa, ɗige-ɗige ne kawai, kore a nan, ruwan ɗorawa a can, babu ganye ɗaya da za ka nuna da yatsa.

Shi kuwa sai ya kama hannuna ya ja ni ƙarshen tsakar gida. Daga can ne kuɓewa da yakuwa da gwandar Inna suka fito, har da hasken da ke kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Yau lambun ya zama ciyawa. Rashin tsaro ya koro mu Zuru, ɗakin haya ɗaya, in ka miƙe ƙafa ka taɓa bango. Babu wurin ja da baya, don haka a ɗakina hoton ya koma ɓarin fenti. Nakan ce da Yaya na raye, me zai ce? Shi da ya tsare garuruwan wasu, ga 'yar'uwarsa ba ta iya zuwa nasu. Na gaji, gaskiya, har da yi wa baƙi bayanin abin da ke rataye a bangon.

Watan jiya ɗansa Danjuma, mai kabu-kabu, ya zo ɗaukar falankin.

"Gwaggo, zan kai wa mai fentin motoci ya fidda shi sosai, ya sa layi. Haka nan ba a gane komi."

Kayan ubansa ne, ba ni da ikon hanawa. Amma na san in aka sa layi, lambun ya tafi ke nan karo na biyu. Ban yi gardama ba. Na ɗage labule, na ja Danjuma waje har bakin rijiyar gidan, na juya shi ya fuskanci ƙofar ɗakin.

Ya tsaya yana hangen hoton, makullin babur a hannu.

"Gwaggo," ya ce, "ashe da safe ne."

Da safe ne, ɗana, lokacin da Inna ke ban ruwa. Bai ɗauki falankin ba. Yaya bai bar mana gida ba, bai bar mana gona ba. Wannan safiyar ya bar mana, ita ma sai mun fita waje muke samunta.