Hajiya Mai Gwada Lasifika

Ina jiran gyaran wayata a wata rumfar kayan lantarki na hannu a Yamai, sai ga wata mata ta sauko daga taksi, rungume da dogon abu cikin zane. Za ta kai shekara hamsin, da tabarau da ɗan alli a bakin hijabinta, kamar malamar lakol. Ta kwance zanen, ashe jitar bas ce.

Mai rumfar yana nuna mata wani ƙaton akwatin lasifika da ampili a kansa. "Hajiya, wannan daga Turai ya zo. Jika tamanin."

"Jika hamsin gare ni," in ji ta. "Jona mini."

Tana taɓa igiya mafi kauri, tana kara kunne, idonta a kan fuskarsa. Akwatin yana kakari kamar mai mura. Ta leƙa ciki, ta shinshina.

"Malam, an liƙe takardar lasifikar nan da kol. Tun yaushe ta yage?"

Ya hau rantsuwa. Ta nuna wani ƙarami mai ƙura a lungu, aka jona mata. Wannan muryarsa tas take fita, har cikin ƙirjina.

Ni kuwa ban yarda da ita ba. Yatsun nan sun daɗe da sanin igiya, kuma duk motar da ta wuce sai ta waiga. Wa take gudu? Miji, ko iyayen ɗalibai?

"Wa za a kai wa, Hajiya?" in ji mai rumfar.

"Sa shi cikin kwalin talabijin," ta ce, "ka ɗaure da kyau."