Ɓawon Marken Kawu Bala

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidan Kawu Bala a Tsohon Birnin Gwari ya san ba a miƙa masa yaji a gwangwani. Ɗan ƙulli ne a leda, da kwanan wata a jiki. Sukari haka, ganyen shayi haka, har naman layya! Shekara talatin ya yi yana aikin ɗakin gwaje-gwaje a Zariya, inda ake raba sinadari ƙanana-ƙanana a daskarar, don wanda aka narkar sau biyu ya tashi aiki. Ya yi ritaya, hannunsa bai yi ba. Matarsa, Inna Talatu, takan ce da ana raba mutum, da tuni tana cikin firji kashi takwas.

Sankarar mama ce ta ɗauke ta. Lokacin jinya tana jiƙa ɓawon marke tana sha, ta ce yana sauƙaƙa mata, shi kuwa ya zubar ya hana, kada ya yi karo da maganin asibiti. Bayan ta rasu tambaya ɗaya ta hana shi sakat: ko abin da ke taimakonta ya zubar? Ni 'yar ƙanwarsa ce, shi ya tura ni karatun irin aikinsa, don haka a kaina kayan suka sauka: ni zan gwada ɓawon a ga ko yana taɓa ciwon.

Daga nan garin ya shiga uku da kalmar kainas. Bayan la'asar zai tare dattawa a ƙofar masallaci, ya ce wani furotin ne a jikinmu mai kunna 'yan'uwansa kamar makunnin fitila, in ya maƙale a kunne sai tsoka ta yi ta tsiro ba birki. Ya ce yanzu ba sai an yanka kowa ba: ana ɗaukar umarnin ƙera shi daga halittar ɗan'adam, a sa a ƙwayoyin wata tsutsa, su ƙera, a zuba a kwalba a gwada magani a kai. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tambaya ko abin nan na mutum ne ko na tsutsa, kuma ya halatta?

"Malam, ba a miya ake sa shi ba," in ji Kawu.

Ɓawon kuwa ya ce sai na bishiyar da aka saba saro wa Inna, can wajen Randagi. Mun yi magiya, mun kira masa sunan 'yan bindiga, ya hau babur abinsa. Ai kuwa suka tare shi! Suka zazzage jakarsa, sai ƙulle-ƙulle da rubutu. Ɗayansu ya yi gangancin tambayar mene ne wannan. Kawu ya gyara tsayuwa, ya fara tun daga makunnin fitila. Kawu da bakinsa ya ce mana bai kai kan tsutsa ba babbansu ya tayar masa da babur da ƙafarsa, ya ce don Allah Baba a sauka lafiya. Abin da ya ɓata masa rai shi ne sun hargitsa masa kwanan wata.

Ni kuma wata bakwai ina jiran malaminmu ya sammini ɗigon kainas ɗin da ake zargi a irin ciwon Inna. Da na samu kuwa, kullum sai Kawu ya yi waya: "Uwata, kin narkar sau nawa?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, amma hakan bai taɓa hana shi yi mini faɗa ba.

Ranar da na kawo sakamako yana kwance, ƙafa ta kumbura, murya ta yi ƙasa. Na durƙusa na ce ɓawon bai taɓa kainas ɗin ba ko kaɗan, ba abin da ya raba Inna da shi. Wallahi na zaci hamdala zai yi. Sai ya tambaya sau nawa na maimaita, na ce uku. Ya tambaya ko na ajiye kwalbar da ba ɓawo a gefe don kwatance, na ce na ajiye. Ya karɓi takardar ya kai ta dab da ido.

"Ɗaya kika gwada, Uwata. Irinsu ɗaruruwa ne a jiki."

Haushi ya kama ni, har na ce Kawu kai ba a iya maka. Ya yi 'yar dariya, ya ninke takardar ya ɗora a ƙirji, ya riƙe da hannu biyu. Sai na ga hawaye na gangara masa zuwa kunne.

"Amma wannan ɗayan," ya ce, "zan iya kai wa Talatu."

Kwana tara ya ƙara. Allah Ya jiƙan Kawu Bala, Ya sada shi da Innarmu a inda ba ciwo, Ya sanar da shi sauran amsar da ba mu iya ba shi ba. Amin.