Gwaggo Asabe da Ƙawarta ta Cikin Kaset

Duk wanda ya san Gwaggo Asabe a garin Largo, nan ƙasar waje inda muke zaune, ya san ba a ƙwanƙwasa mata gilashin mota. Za ta taso daga asibitin da take aikin nas, ta yi fakin a ƙofar gida, amma ba za ta fito ba. Tana nan zaune riƙe da sitiyari, kafaɗunta na girgiza don dariya, kaset na juyawa. Ka matso, ta zare maka ido: "Ƙawata na magana. Ba a katse babba."

Ƙawar nan kuwa wata Baturiyar Ingila ce, 'yar wasan kwaikwayo, mai karanta littattafan ban dariya a kaset, tana kuma fitowa a wasannin barkwanci na rediyo. Ba su taɓa haɗuwa ba, matar ba ta ma san an halicci Gwaggo ba. Amma Gwaggo har murarta takan gane. "Ji muryarta yau, baiwar Allah, sanyi ya kama ta. Garin nasu ba rana!" Abin da ya fi burge ta shi ne mace ɗaya ta yi muryar mutanen gari guda: tsohon soja kurma, matar fasto mai gulma, da wata attajira mai magana ta hanci.

Kun tuna bikin sunan nan da aka jira waina har aka fara hamma? Wainar tana but ɗin motarta, motar tana ƙofar gidan sunan. Na leƙa na ce, "Gwaggo, don Allah, mutane na jira!"

"Su jira mana. Matar fasto ce ta faɗa kududdufi. So kike in tafi in bar ta a ciki?"

Ni 'yar ƙaninta ce. Baba ya rasu ina karatun jami'a a garin College Park, ita ta riƙe ni. Da aka sa ranar aurena ta tara mu ta ce ita za ta kai ni ɗakina, ita za ta damƙa ni amana ga dangin miji, da bakinta, domin alkawarin da ta yi wa Baba ke nan. Ba a daɗe ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, amma harshe ya ƙi. Gwaggon da ba a gama musu da ita, sunana ma ya gagare ta. Wallahi ranar da na ga tana kokawa da "Hadiza" har hawaye ya zubo mata, na ji duk bikin ya fita raina.

Ita kam bai fita ranta ba. Asibiti suka turo wata yarinya Ba'amurkiya mai koyar da magana, ta zo da katuna masu hoton kare da tuffa. Gwaggo ta dubi karen, ta dubi yarinyar, ta kife katin. Mace da jikoki a ce ta ce "kare"? Sai ta kama hannunta ta ja ta har mota, ta nuna mata kujerar gefe, ta tura kaset. Baturiya ta faɗi jimla, Gwaggo ta tsayar, ta maimaita da kyar, ta mayar baya, ta sake. Duk sanda ta tsayar da kaset sai ta ɗan shafa rediyon, wai ban haƙuri take don ta katse babba. Yarinyar ta ce ba ta taɓa ganin haka ba, amma tunda baki na motsi, a ci gaba. Daga baya ita ma sai da ta koma tambayar yadda aka ƙare da tsohon soja.

Ana cikin haka Yaya Nura, babban ɗanta, ya kawo shawarar a sayar da motar, tunda Mama ba ta tuƙi, kuma ga faifai ga waya, wa yake ta kaset yanzu? Gwaggo dai ta ɗauki makullin ta ƙulle a bakin zane. Da mai saye ya zo dubawa, ya tarar da ita a kujerar direba ta ɗaura bel, ta kafe shi da ido kamar ya zo satar akuya. Mutumin ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce wa Yaya Nura zai kira. Har yau bai kira ba.

Biki ya matso, magana ba ta zauna ba. Yaya Nura ya durƙusa gabanta da ladabi ya ce, "Mama, ko a bar wata cikin iyaye ta yi jawabin? Ke ki zauna kawai ki sa albarka."

Jama'a! Gwaggo ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta buɗe baki. Sai ga Turancin attajirar nan mai magana ta hanci, tiryan-tiryan, ba gargada, tana umartar sa ya fice mata daga gida, ya kuma ja ƙofar in ya fita. Sai na fashe da dariya har na zame daga kujera. Yaya Nura kuwa yana durƙushe yana kuka yana cewa, "Sake kora ta, Mama, don Allah sake kora ta!"

Daga ranar muka lura da wani abu. In Gwaggo za ta yi magana da muryarta sai harshe ya sarƙe, amma in ta ari muryar wani sai ya sake. Ita ma ta lura. Ta ce mini, a rarrabe, "Ba zan... kai ki... da Turancin hanci ba." Sai ta koma aron muryoyi da Hausa. Ba wanda ya tsira. Ta yi limaminmu da tarinsa, ta yi mai sayar mana da nama yana rantsuwa rago ne ba tunkiya ba. Ta yi ni ina waya da angona, "Haba dai, kai ka fara kashewa," a gaban baƙi, har na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Gwaggo, wannan ai tonon silili ne!" Ta amsa da muryata, "Magani nake sha."

Ranar kai amarya muka isa gidan surukaina a garin Clinton, falo cike da mata. Aka zaunar da ni a lulluɓe. Gwaggo ta miƙe da sandarta, ta yi sallama, aka amsa. Ta ce, "Ga... ga..." Sai maganar ta tsaya. Ta sake, ta tsaya. Ina jin numfashinta daga cikin mayafi. Wata ta buɗe baki za ta taimaka, Gwaggo ta buga sanda a ƙasa.

Sai na ji an yi gyaran murya irin wanda na daɗe ban ji ba. Muryar Baba ce, da sanyinta da jan maganarsa.

"Ga Hadiza nan mun kawo muku. Ba ta iya tuwo sosai ba, kada a ce ba mu faɗa ba. Tana da taurin kai, wurin yayata Asabe ta gado shi." Falo ya ɗauki dariya. Ta jira aka lafa, sannan ta ci gaba. "Amma ba ta ƙarya, ba ta riƙo. Marainiya ce, ban samu na kawo ta da kaina ba. Amana ce, ku riƙe mini ita."

Ba wanda ya ƙara dariya. Uwar mijina ta taso ta rungume ni tana cewa, "Mun karɓa, Alhaji, mun karɓa." Gwaggo ta zauna tana haki, ta kamo hannuna, ta ce da muryarta ta kanta, a hankali, "Na sauke."

Ba ta ga haihuwata ta fari ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta. Yadda ta sauke amanar ƙaninta, ya Allah Ka sauƙaƙa mata amsa tambaya, Ka sada su a Aljanna. Amin.