Hannun Ummuhani Mai Wankan Gawa

A Mafaza, in ka ga mata sun watse daga inuwa sun bar jabanar gahawa tana tafasa a kan gawayi, to Ummuhani ce ta ɓullo. 'Yar ficiciya ce, mayafinta ya fi ta nauyi, amma ko kura ba a yi wa irin wannan gudun. Ita ke wanke gawar mata daga bakin kogin Rahad har garin Hawata. Wasu sun rantse mutuwa ma wurinta take tambayar kwatance.

A wurin wankan ta riƙa cin karo da abin: nono ya sandare kamar dutsen niƙa, ko ya fashe an cusa tsumma, mai shi ta ɓoye har ta cika. Da abin ya ishe ta, sai ta shiga ƙungiyar da ungozomar gari ta kafa, masu bi gida-gida suna laluben ƙullutu tun yana kamar ƙwayar gyaɗa. To amma wace mai rai za ta miƙa wa mai wankan gawa ƙirjinta? Ta zuba lalle har gwiwar hannu, ta yi wanka da turaren sandaliyya. Aka ce ƙamshin likkafani take.

Sai ta lura ƙanwarta Dije ta daina ɗaga hannun hagu wajen kaɗe riɗi.

"Dije, buɗe in gani."

"Yaya, gaggawar me kike? Bari in mutu, ki gani ki ƙoshi."

"Saratan nake tsoro, ciwon dajin nan. In ƙarami ne, a asibitin Madani ana cirewa."

"A cire, Sharu ya zauna da rabin mata? Halas, shi ke nan, bari a gama girbi."

Aka gama riɗi, aka gama dawa. Ranar da mijin nata Sharu ya ɗora ta a lori, wari ya riga su shiga. Likitocin Madani suka dawo da ita da maganin rage zafi kawai.

Da Dije ta cika, aka ce a nemo wata ta yi wankan. Ummuhani ta ƙi. Ta yaye zanen, ta daɗe tana kallo.

"To ga shi na gani, Dije."

Kafin a share makoki gari ya yanke hukunci: bakinta ne, ita ta ambaci ciwon ya sauka. Yanzu har ungozomar ake rufe wa ƙofa. Ummuhani kuwa ana aiko mata yadda aka saba, ta ɗauki sabulu da ƙwarya ta tafi.