Gurbin kifin da Baba Audu ya bar mini

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba Audu Yawuri, Allah Ya jiƙansa Ya kyauta makwancinsa. Duk shekara idan wannan wata ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa. Bana kam ba mafita. Saura mako shida aikina ya ƙare in tattara in bar Doha, ga shi akwai amanar da ya damƙa mini wadda ta salwanta a hannuna, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Audu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a Sana'iyya, unguwar garejoji da rumbunan ajiyar kaya. Amma wannan aikin neman abinci ne kawai. Asalinsa Basarke ne, a bakin kogi aka haife shi, cikin gidan masunta. Duk ɗan Najeriyar da ka gani yau a gaɓar tekun Doha riƙe da sandar fatsa da sassafen Juma'a, to ko Baba ne ya koya masa, ko wani ɗalibin Baba. Na ga likitan da ake bin layi kafin a gan shi yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, Baba yana yi masa faɗa kamar ɗan firamare saboda ya ɗaura ƙugiya a karkace.

Ni mutumin Katsina ne, aikin gwajin jini nake yi a wani asibiti. Kafin in zo ƙasar nan ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na randa ba. Shekarata ta farko daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai aiki, har na fara magana ni kaɗai. A ƙofar masallaci Baba ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Bakatsine, wannan ramar ta zaman ɗaki ce. Juma'a mai zuwa kana idar da Asuba ka fito, zan biyo maka." Ban ce ina so ba, shi ma bai tambaye ni ba.

Koyarwarsa sai mai haƙuri. Mako uku na farko ba ya barin ka taɓa ƙugiya, tsayawa kawai za ka yi kana kallon ruwa, yadda yake janyewa da yadda yake dawowa. Bayan nan sai ƙulli, iri ɗaya tak, ka jiƙa zaren da yawu kafin ka ja. Sannan ya ɗora yatsarka a kan zaren har ka iya bambance jan igiyar ruwa da taɓin bakin kifi. Kifin da bai kai tsawon tafin hannu biyu ba kuwa, ko kana mutuwa da kwaɗayi sai ka mayar da shi. A cikinmu duka ba wanda ya ɗauki karatun nan kamar Bitrus, wani nas mutumin Fankshin da ke zaune a unguwar Mu'aither. Hannun Bitrus daban ne. Ni kuwa, don kada in yi wa kaina ƙarya, ni ne na ƙarshe a aji. Na fi kama ciyawar ruwa da tsofaffin ledoji.

Akwai abu ɗaya da Baba bai koya wa kowa ba. Wani lokaci idan ruwa ya janye sosai, sai ya bar mu a nan gaɓar da ke arewa da unguwar West Bay, ya yi ta ratsa ruwa shi kaɗai har ya zama ɗan ɗigo. Bayan awa guda sai ga shi da hamur, wannan kifin mai faffaɗan baki da ke laɓewa a cikin duwatsu, wanda yake cewa halinsa ɗaya da giwan ruwa. Ya samo gurbi, wato rami mai duwatsu a ƙarƙashin ruwa inda manyan kifi ke kwana. A al'adar gidansu, in ji shi, masunci ba ya faɗar gurbinsa sai ranar da zai bar ruwa, kuma mutum ɗaya ake gaya wa, da baki, a tsaye a wurin. Ba a rubutawa. Dukanmu mun gama yanke cewa Bitrus za a ba.

Da ciwon zuciya ya matsa masa, ya yanke shawarar komawa gida, sai ya kira ni. Muka ratsa ruwan nan mu biyu, yana tafiya yana hutawa.

Ya ce, "Juya ka ba teku baya. Ka ga farin tankin ruwan can na gidajen lebura? Matsa har hasumiyar ƙaramin masallacin can ta shige bayansa. Yawwa. Yanzu dubi hagunka, ka ja baya har gefen benen nan mai shuɗin gilashi ya taɓa ƙarfen eriya. Nan za ka tsaya. Ka juya gabas, jifa ɗaya."

Na zaro waya zan sa alama a taswira. Ya buge mini hannu.

"Mayar da ita aljihu. Kai ba ka da kai ne? Halas, shi ke nan, ni dai na sauke amana."

Na ce, "Baba, me ya sa ba Bitrus ba?"

Ya ce, "Yalla, mu tafi, ruwa na dawowa."

Iyakar amsar da na samu ke nan. Wata uku da komawarsa Yawuri aka bugo mana cewa ya rasu.

Shekara biyu na yi ban leƙa wajen ba. Nakan ce baƙin ciki ne ya hana ni, kuma da gaskiya a ciki, amma har da lalaci da tsoron zafin rana. Ranar da na je, sai na tarar an zagaye gaɓar da shingen masu gini. Da aka buɗe ta, wurin ya zama wani gari daban. An rushe gidajen leburan, tankin ya tafi. Masallacin ban sani ba ko an rushe shi ko gine-gine ne suka rufe shi. Benaye masu shuɗin gilashi kuwa sun yi yawan da ban san wanne ne nawa ba. Ita kanta gaɓar an cike ta da yashi an tura ta cikin teku, har ina zargin inda muka tsaya ni da Baba yanzu wurin ajiye motoci ne. Na yi Juma'o'i ina zagaye ni kaɗai, ina juyawa hagu da dama kamar wanda ya yar da makulli. Daga baya ma abin ya cakuɗe mini a kai. Tankin ne ke rufe hasumiya ko hasumiya ce ke rufe tankin? Hagu ya ce ko dama? Na rubuta hagu a sama, amma ba zan rantse ba.

Abokan fatsa ba su san wannan ba. Da suka ga ina ware kaina ina yin arewa, sai suka ɗauka gurbin nake zuwa. Da suka ga ina dawowa hannu rabbana, sai suka ce ai sakin kifin nake yi don girmama Baba. Wasu na ce mini marowaci cikin raha, wasu na kirana Magajin Baba. Abin kunyar shi ne sunan ya yi mini daɗi, na karɓa. Bitrus kaɗai bai taɓa tsokanata ba, bai kuma taɓa tambayata ba, kuma shirun nasa ya fi komai damuna.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga fatsar yau. Sababbin zuwa suna da na'urar da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa, da kifin roba mai ƙyalli maimakon jatan lande. Suna kallon bidiyon gwanayen Amurka masu kama wani kifi da suke kira bas, su ɗaga shi a yi hoto su sake shi, har sun haddace sunayensu. Wanda ya dace da wuri mai kyau, kafin ya fito daga ruwa ya tura alamarsa ga mutum arba'in a waya. Wata rana in ga kamar Baba zai tofar da yawu ya juya musu baya. Wata rana kuma in tuna mutum ne mai son sabon kayan aiki, wanda in ya ga na'ura sai ya kwance ta ya ga cikinta. Da ya bar ni na sa alamar nan a waya, da amanarsa na nan. To amma da ta zama ta mutum arba'in. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi, shi, ko ni, ko garin da ba ya barin tanki ya shekara goma a inda yake.

Mako biyu da suka wuce Bitrus ya same ni a wurin ajiye motocin asibiti. Ya ce, "Malam Sani, na ji wai ka kusa tafiya." Na san maganar gurbin yake nufi. Na ce masa ya shirya ranar Juma'a.

Wallahi da niyyar faɗa masa gaskiya na fito. Na ce zan faɗa a mota, na bari sai mun isa. Da muka tsaya sai na ga ya ciro wayarsa ya kulle ta a cikin mota, ba wanda ya ce masa ya yi haka. Ganin haka sai na fasa faɗa masa. Muka shiga ruwa, na yi ta tafiya ban san inda na nufa ba, har na gaji na tsaya. Na ce masa ya ba teku baya. Na zaɓi abubuwa huɗu da idona ya fara sauka a kansu, na haɗa masa su biyu-biyu, da irin muryar Baba. Ya maimaita su sau uku kamar mai hadda, ya juya gabas ya jefa.

Ko kwatan awa bai yi ba sandarsa ta lanƙwashe. Hamur ne, tsawon hannuna tun daga kafaɗa. Bitrus ya riƙe shi, ya cire hularsa, hawaye na zuba. Ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Shekara tara ina tambayar kaina laifin da na yi masa. Yau hankalina ya kwanta."

Tun ranar kaina a ɗaure yake. Shin ƙafata ce ta kai ni ainihin gurbin ban sani ba? Ko kuwa duk inda Bitrus ya jefa zare kifi zai same shi? Har wani tunani ya zo mini da na yi ta neman tsari da shi, cewa ni fa ban taɓa jefa ƙugiya a wurin da Baba ya nuna mini ba, ko a ranar, domin ruwa na dawowa. Ban taɓa ganin kifi ya fito daga can da idona ba. Ban ce Baba ya yi mini abin da na yi wa Bitrus ba, Allah Ya tsare. Na dai ce ban sani ba, kuma wanda zan tambaya yana kabari.

Idan na auna abin da ya rage na Baba Audu, ƙullinsa na nan a hannun mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Har yau ana mayar da ƙananan kifi cikin ruwa ana cewa Baba ya hana. Har yau idan aka ga baƙo ya rame da zaman ɗaki, wani zai ce masa ya fito bayan Asuba. Duk abin da ya ba jama'a yana nan da ransa. Abu ɗaya da ya ba mutum ɗaya shi ne ya ɓace, kuma ni ne mutumin.

Bitrus, na san kana karanta wannan shafin. Wurin da na nuna maka ba na Baba ba ne. Nasa ya kuɓuce mini shekara bakwai ke nan, na ci gaba da amsa sunan da bai dace da ni ba, sannan na tsaya cikin ruwa na yi maka ƙarya da muryarsa. Alamomin da na ba ka ban rubuta su a nan ba, ban kuma gaya wa kowa ba, wurin naka ne in kana so. Dalilin da ya sa bai zaɓe ka ba, ban san shi ba, da na sani da na gaya maka. Kwanciyar hankalin da ka samu ranar nan ita nake karɓewa yanzu, kuma ban tabbata ko daidai na yi ba. Juma'ar nan ba zan je ruwa ba. Ina gida, wayata a kunne.