Ruwan Maliya a Jarkar Man Gyaɗa

Kakata ba ta magana da Babana. Ba faɗa suka yi ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zauna hira da shi. Ko wuta ce ta kama rigarsa, sai dai ta waiga ta ce wa wani, "A gaya wa mutumin nan yana ƙonewa." A can gida wannan ba damuwa ba ce, jikoki sun cika ko'ina. Amma a Alƙahira, a ɗan gidanmu na hawa na biyar a Madinat Nasr, inda in ka yi atishawa a kicin na falo ne zai amsa maka, dole a samu mai kai saƙo. Umma suruka ce, kunya ba ta barinta ta ɗaga kai. Ƙanwata shekararta biyar. Saura ni, ɗan sha huɗu. Haka na wayi gari ni ne ma'aikatar sadarwa gaba ɗayanta.

A hutun zafi na 2014 Kaka ta zo a cire mata yanar ido. Ni nake raka ta asibiti a Dokki, ina riƙe da hannunta a cikin mota, ina fassara mata faɗan fasinjoji da direba, ina ƙara gishiri inda na ga ya yi lami. Ranar da aka kwance mata bandeji, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ashe haka mijin nawa yake? Likita, mayar min da yanata." Tun ina goye take kirana mijinta, ni kuma ina ce mata tsohuwar amarya, kuma kullum ƙararta ɗaya ce: ba na cefane.

Saura kwana biyar jirginta ya tashi, Baba ya ajiye littattafan digirinsa, digirin da ya girme wa ƙanwata, ya ce ranar Alhamis za a kai Hajiya ta ga teku da sabon idonta. Baba ba ya iya maganar yawo kamar sauran mutane. Sai da ya gyara zama ya ce, "A mas'alar akwai ƙauli biyu. Ko Iskandariyya, awa uku a jirgin ƙasa, ko Ainus Sukhna, awa biyu a mota. Tafiya ɗaya ce, don ranar Asabar za ta wuce. A tambayi Hajiya."

Ni kam na daɗe da yanke hukunci. Abokin zamana a aji ɗan Iskandariyya ne, kuma shekara biyu ya yi yana azabtar da ni da labarin abincin garinsu: hanta mai barkono a cikin burodi wadda ake ci a tsaye ana hawaye, kifin da kai za ka nuna shi da yatsa a kan ƙanƙara a gasa maka, ayis kirim mai jan jiki kamar ƙaro. A bayan littafin nahawuna har taswira ya zana min, gidan kifi a nan, mai hanta a kwanar can. Da na taɓa tambayarsa Sukhna fa, cewa ya yi, "Dutse, ruwa, da yunwa."

Na shiga ɗaki. Kaka ta jawo kunnena kamar za ta cire shi, ta rage murya don kada na falo su ji.

"Maigida, a cikin biyun wanne ne Maliya?"

"Wace Maliya?"

"Ji min jahili, wai a Masar yake karatu. Wadda Annabi Musa ya daka da sanda, Fir'auna ya sha ruwa ya ƙoshi."

Sai ta ba ni labari. Mahaifinta shi ke jan tafsiri a garinsu, ita tana yarinya tana laɓe a bayan zana tana saurare, kuma duk shekara in an zo wajen tsagewar tekun nan sai tsigar jikinta ta tashi. Da ta je Hajji ta samansa aka bi, amma an sa ta a kujerar tsakiya, idon ma ya riga ya yi hazo. Ƙawayenta huɗu na makarantar Islamiyya sun raka ta har tasha suna cewa, tunda ƙasar Fir'auna za ta, ta ɗebo musu ruwan Maliya su shafa a gwiwa. "Amma kada ka matsa masa," in ji ta. "In da wahala, a bari."

Na san amsar. Sukhna ce a bakin Maliya, kowane ɗan firamare ya sani. Tsakanin ɗakin da falo taku huɗu ne. A taku na farko niyyata gaskiya ce. A na biyu na ji ƙamshin hanta. A na uku na ce wa kaina ai ruwa ruwa ne, duk gishiri. A na huɗu na ce, "Baba, ta ce Iskandariyya."

"Tamam," in ji Baba.

Na juya na koma. "Ya ce Maliya za a je."

Ta ɗaga hannu tana sa masa albarka, a hankali, don kada ya ji.

Jarkar da ta kawo mana man gyaɗa daga gida ita ta sa Umma ta ba ta. Ta wanke ta sau bakwai kamar wadda kare ya lasa, ta kife ta a baranda. Baba ya ɗauka ruwan alwala za ta riƙe.

Ranar Alhamis muka kama jirgin safe. A bakin ruwa kuwa, na rantse duk wanda aka taɓa haifa a Masar yana wurin. Lema a jikin lema, tukwanen shinkafa, rediyo, mata da abayoyinsu tsamo-tsamo suna tsalle a cikin ruwa, wani mai usur yana korar waɗanda suka yi nisa. Baba ya kama mana lema da kujerun roba, ya zauna ya kafa idonsa a kan yatsun ƙafarsa don gudun ganin abin da bai halatta ba. Ni na riƙe Kaka muka ratsa mutane har inda ruwa ke lasar yashi.

Ta cire baƙin gilashin da likita ya ba ta. Ruwa ya zo ya jiƙa bakin zanenta ya koma, ba ta motsa ba.

"Ta ina suka bi?"

Na nuna wajen wani jirgin ruwa da ke can nesa. "Ta can."

"Da jarirai da tsofaffi," in ji ta. "Ga wannan a gaba, ga wancan azzalumin a baya." Bakinta ya fara motsi. Ayoyin take ja da irin muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, ina jin ta mahaifinta ce. Hawaye ya gangaro daga idon da na yi wata guda ina ɗiga wa magani. Ta ce, "Na ga Ka'aba cikin hazo, maigida. Wannan kuwa tar na gan shi."

Ni na shiga ruwa har cinya na cika jarkar. Ban taɓa ɗaukar abu mai nauyinta ba.

Bayan azahar muka bi taswirar littafin nahawu har gidan kifin. Komai yana nan yadda abokina ya faɗa. Na nuna kifi da yatsa, aka gasa, aka jera ƙananan faranti har teburin ya rasa wurin numfashi. Kaka ta kwance ƙullin yajinta ta barbaɗa, ma'aikacin wurin yana kallo kamar an zagi kakansa. Ta ci sosai. Ni kuwa da na yi shekara biyu ina mafarkin wannan teburi, loma ɗaya na yi na ture farantin.

Sai Kaka ta goge hannu, ta dubi bango, ta ɗaga murya daidai yadda kowa zai ji.

"A gaya wa mutumin nan Allah ya yi albarka. Ya kawo ni Maliya, na gani da idona."

Hannun Baba ya tsaya a hanyar baki. Umma ta sunkuyar da kai. Baba ya dube ni, irin kallon da yake yi wa hadisin da bai yarda da isnadinsa ba.

"Ka ce mata amin," in ji shi. Sannan ya koma Larabci, a hankali: "Ni ba zan iya gyara mata zance ba, ka sani. Kai ka kai saƙon, kai za ka kai gyaransa."

Duk hanyar dawowa jarkar tana kan cinyarta, ta hana a sa ta a sama. Na yi ta ba kaina fatawa. In na yi shiru, za ta tafi da farin cikinta, wa zai sani? Sai kuma in hango tsofaffi huɗu a kan tabarma suna shafa ruwan Iskandariyya a gwiwa da bisimilla, Kaka tana rantse musu cewa da idonta ta gani.

Da safiyar Juma'a na same ta tana naɗe jarkar a cikin zane za ta cusa a jaka. Na durƙusa a bakin ƙofa, abin da ban taɓa yi mata ba.

"Lafiya? Ko cefanen ka kawo yau?"

Na faɗa mata duka, har da hantar. Na so ta ɗauki mafici ta rufe ni da duka, ko ta yi min irin zagin da take yi mai sa Umma gudu kicin ta yi dariya. Ba ta yi ba. Hannunta kawai ya tsaya a kan ƙullin.

"Ita ta gaskiyar, nisanta nawa?"

"Awa biyu."

"Awa biyu," ta maimaita. Ta dubi taga. Juma'a ce, akwai komawa asibiti a duba idon karo na ƙarshe, gobe kuma jirgi. Ta sani, na sani.

Ta kwance zanen. Ta sa na kawo roba, ta juye ruwan a ciki ta tsoma ƙafafunta, ta ce ruwan da aka yi wa kuka ba za a zubar a masai ba, amma ba za ta kai wa mutane ƙarya su shafa ba. Sannan ta miƙo min jarkar.

"Ka cika min ita a inda na ce. Kuma ba aike. Na gama da ɗan aike. Da hannunka za ka kawo."

Daga nan ta ƙwala wa ƙanwata kira ta naɗa ta a kujerata. Ranar ƙarshe duk yarinyar ce ta kai saƙo, tana tsayawa a tsakiyar falo tana ihu, "Baba, wai a gaya wa mutumin nan tumbinsa ya yi yawa!" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma ta yaƙe ce. A filin jirgi sai da Kaka ta kai bakin layi ta waigo ta ce, "Ban sake ka ba tukuna. Yaji na yi."

Bana da aka zo maganar teku, ban bari Baba ya kai ƙauli na biyu ba. Muka je Sukhna. Abokina bai yi ƙarya ba: dutse, ruwa, da yunwa. Burodi da dafaffen ƙwai muka ci, waɗanda Umma ta ƙunso, yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Amma ruwan a kwance yake, garai-garai, ga jajayen duwatsu a bayansa, kuma da ƙafa Kaka za ta iya shiga ba mai tunkuɗe ta. Na tambayi Baba ta ina suka bi. Ya ce akwai saɓani tsakanin malamai. Na tsaya na dubi ko'ina, kowane gefe sai da na ba shi haƙƙinsa, don in ta tambaye ni in faɗi abin da na gani kawai.

Jarkar da na cika a can tana baranda yanzu, a bayan injin wanki, na ɗaure bakinta da leda. Ɗalibai biyu abokan Baba da za su gida hutu sun ce in kawo su tafi da ita. Na ce a'a. Mu kuwa tafiyarmu sai digiri ya ƙare, Baba yana cewa saura babi ɗaya, kamar yadda ya ce bara.

Duk Juma'a muna kiran Kaka. Muryarta ta ɗan yi ƙasa, sai na toshe ɗaya kunnen nake ji. Ƙawayen nan huɗu, ta ce min saura uku. Ba ta gaisawa da ni sai ta fara tambaya.

"Maigida, ruwana fa?"

"Yana nan, tsohuwar amarya."

"Na ainihi?"

"Wallahi na ainihi."

"To, a gaya wa mutumin nan ya yi sauri da rubutun nan nasa. Ido ba ya zama sabo kullum."

Baba yana zaune kusa da ni, yana ji sarai. Duk da haka ina juyawa in faɗa masa, kalma bayan kalma, ba ragi ba ƙari.