Bangon Diddige na Halidu

Kafin mata su ɗora dakan safe, Halidu ya riga ya share ɗakin masu kurkunu, ya cika randuna, ya kwaɓa jar ƙasa a tsohon akushi. Daga nan sai ya zaga baya, inda wani dogon bango yake, fari fat, da duwatsu goma sha biyu a jere a gindinsa. Shekararsa ashirin da biyu a wannan ɗan gidan likita na ƙasar Buza. A takarda dai mai shara ne. A watan nan zai aje tsintsiya ya koma gida, mu kuwa abokan aikinsa muka ce wallahi ba zai tafi shiru ba.

Duk ɗan Adar ya san sharrin kurkunu. Tsutsar ta fita, gyambon ya warke, amma da yake mutum ya yi wata biyu kwance da ƙafa a naɗe, sai gwiwa ta ƙage ta ƙi miƙewa. Ƙato majiyi ƙarfi ya koma jan gindi.

A shekarar 1962 aka turo wani lokotoro, wato likita, Bature mai zafin nama. Shi bincike ya kawo shi. Yana so ya tabbatar ko gashi da ruwan ɗumi da jan ƙafa kullum suna buɗe irin wannan gwiwa, kuma da nawa take buɗuwa kowane sati. Ranar farko ya shimfiɗe wani tsoho a tabarma, ya zaro igiyar awo, ya ja ta daga ƙugu zuwa diddige. Matar tsohon ta ɗora hannu a ka ta rangaɗa salati. "Da ransa? Da ransa za ku yi mishi haka?" Kafin azahar ɗakin ya zama wayam. Wasu a kan jaki aka fice da su, wasu a goye.

Lokotoro ya rasa laifin da ya yi. Halidu ya jingine tsintsiya, ya tattaro guntun Faransancinsa ya ce masa, "A ƙasarmu ba a miƙe mutum a auna shi, sai ranar da za a gina masa kabari."

"To in ban auna ba, yaya zan san aikin yana ci?"

"Ka ba ni kwana ukku."

Halidu ya yi gini a ƙuruciyarsa. Ya shafe bangon baya da farar ƙasa, ya kafa duwatsun nan, kowane majinyaci da nasa. Ranar Juma'a mutum zai zauna a dutsensa, gefensa jikin bango, ya tsoma diddige a jar ƙasa, ya miƙa ƙafa iya ƙarfinsa, ya dangwala da kansa. Sai kowa ya koma ɗaki sannan lokotoro ya zo da igiyarsa ya auna bango. To wa zai ji tsoro don an auna bango? Halidu ya bi ƙauyuka a ƙafa, har Babankatami, yana rantsuwa cewa igiya ba za ta sake taɓa jikin kowa ba. Da kaɗan da kaɗan mutane suka dawo.

Kai ne, Halidu, mai ɗumama ruwa, mai jan ƙafa ana zaginka kana dariya. Kai ne ka sha shuri a ƙirji ya fi a ƙirga, ba ka taɓa ramawa ko da harara ba.

Amma wanda ya fi ba shi wuya shi ne Alƙasim, wani makiyayi daga wajen Ibohamane. Gwiwarsa ta dama ta lanƙwashe har diddige na neman taɓa cinya. Lokotoro ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ya daina gashi yanzu, ƙafar ta tafi ke nan har abada. Alƙasim mutum ne mai zuciya, ba ya kuka, ba ya godiya, ba ya ma kallon bangon. Sati shida yana dangwala diddige fuskarsa a gefe. A na bakwai sai ga yayansa Alhusaini da jaki.

"Na tahi," in ji Alƙasim. "Yadda na zo haka nike. Wahala kawai nika sha. Gara in gurgunce gaban shanuna."

Halidu ya san in jakin nan ya fita ƙofa, an gama. Ya riƙe igiyar jakin. "Alhusaini, don girman Allah, ɗauko shi mu zaga baya. In ya gani bai yarda ba, ni da kaina zan aza shi bisa jaki."

Aka zaunar da shi a gaban bango. Halidu ya nuna masa jajayen tambura shida, kowanne ya ɗara na baya. Alƙasim ya taɓe baki. "Wanga? Kowa na iya shafa ƙasa ga bango don shi rarrashi wawa."

Halidu bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "An ce kai ne mai gane sawun saniyarka cikin garke ɗari. To ga sawu nan. Gaya min na wane ne."

Alƙasim ya matso da hannuwa. Ya daɗe yana duba na ƙasa, kamar yadda yake duba turɓayar bakin rijiya. Akwai wani tsohon tabo a diddigensa, inda ƙaya ta taɓa tsaga shi, ga shi kuwa ya fito a kowane tambari. Ya ɗora yatsa tsakanin na fari da na biyu, yatsa ɗaya. Tsakanin na biyar da na shida, yatsa biyu har da ɗoriya. Mutumin da bai taɓa yarda da bakin kowa ba, sawu bai taɓa yi masa ƙarya ba.

"Wannan ƙafa tafiya takai," ya ce a hankali. Sannan ya daka wa yayansa tsawa kamar shi ya yi laifi: "Mi kake jira? Mai da jakinka!"

Ya ƙara wata huɗu. Ranar da ƙafar ta miƙe sambal, mata suka yi ta guɗa har mutanen kasuwa suka sheƙo a guje. Lokotoro ya tattara awon mutum ɗari da wani abu ya aika Yamai, an ce har wasu gidajen likita sun yi nasu bangon. Ko sunan Halidu ya shiga takardar? Oho. Shi dai bai taɓa tambaya ba.

Bara da kaka sai ga Alƙasim ya shigo yana ɗingishi, fuska a murtuke. Halidu ya durƙusa zai kama gwiwa. Alƙasim ya ture hannunsa. "Ba nan ba, tsoho! Tafin ƙafa. Bijimina ya ɓace, kwana huɗu ina bin shi cikin duwatsu, duk na yi bororo." Halidu ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya hawaye na zuba.

Mun gode, Halidu na bayan gida, gagara gajiya. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya tsare maka naka gwiwoyin. Ku kuma masu shigowa aikin da takardunku na lakwal, wato makarantar boko, ku yi koyi da shi: ku san abin da mutanenku ke tsoro kafin ku taɓa su, ku nuna musu sauƙinsu da idonsu. Yau a ƙasar Buza da Keita da Madawa akwai magidanta da yawa da ke zuwa gona da ƙafafunsu, kuma kowannensu ya san wanda ya riƙe shi ranar da ya so ya gudu.